Tebur mai hawa da sauka ko dandamalin ɗorawa: wanda nake kai da wanda na yi nadamar saye

Ɗan'uwa, tunda awa takwas zuwa goma kake yi a gaban kwamfuta, kuma zaɓinka tsakanin cikakken tebur mai hawa da sauka ne da ɗan dandamalin nan da ake ɗorawa a kan tsohon tebur don a iya aiki a tsaye, to ka sayi cikakken teburin. Duka biyun na mallaka. Ɗaya a kansa nake rubuto maka wannan amsa, ɗayan kuma ya fi shekara biyu a jingine bayan ƙofa.

Abin da ya kai ni ga sayen nawa ciwon kafaɗa ne. Kafaɗar dama ta riƙe min, ciwon ya hau wuya, da yamma ta yi sai in ji kamar an ɗora min dutse a ƙeya. Na ɗora wa kujera laifi, na canza ta, ciwon bai ko gezau ba. Da na je wajen likitar gashin ƙashi, sai ta ce in sa wani ya ɗauke ni hoto daga gefe lokacin da na nutsu cikin aiki, ba tare da na shirya zama ba. Da ta duba hoton ta nuna min abin da ban taɓa lura da shi ba: kafaɗuna a ɗage suke kamar mai jin sanyi, wuyan hannuna kuma a tanƙware a kan bakin tebur. Na koma gida na ɗauko tef ɗin awo. Teburin santimita 75 ne daga ƙasa. Gwiwar hannuna, idan na zauna tafin ƙafata a shimfiɗe a ƙasa, santimita 65 take. Wannan tazara ta santimita 10 ita kafaɗata take cikewa kullum, tun safe har dare, shekara da shekaru.

Yawancin teburan ofis tsakanin santimita 72 da 76 ake ƙera su, kuma wannan tsayin ya fi dacewa da mutumin da ya kai mita 1.8 ko kusa da haka. Ni mita 1.65 ne. Duk wanda bai kai wancan tsawo ba, ko dai ya ɗaga kafaɗa don ya kai ga kibod, ko ya ɗaga kujera ƙafafunsa su riƙa reto, bakin kujera yana danne masa bayan cinya. Shi ya sa nake gaya wa duk mai tambaya cewa lambar da zai fara dubawa a jikin tebur ita ce iyakar saukarsa. Masu talla hawan suke nunawa, don hoton mutum a tsaye yana aiki ya fi ɗaukar ido. Amma ko da tebur mai hawa, mafi yawan yininka a zaune za ka yi shi, kuma a zaunen ne ciwon yake samo asali.

Ranar da na haɗa nawa, na danna maɓalli ya yi ta sauka har ya tsaya a 65. Na ɗora hannuwana a kan kibod, sai na ji kafaɗuna sun sauko da kansu, kamar na ajiye wani kaya da ban san ina ɗauke da shi ba. Na daɗe a zaune ban buga komai ba, ina jin daɗin abin. Cikin mako uku na daina shafa man zafi da dare. Har yau, in na tuna ranar, ina yi wa likitar nan addu'a.

Tsayuwar ma tana da amfaninta, amma kada ka ɗauka yini za ka yi a tsaye. Tsayuwa mai tsawo wuri ɗaya tana kumbura ƙafa, tana gajiyar da ƙugu, kuma tana daga cikin abubuwan da ke sa jijiyoyin ƙafa su fito ɓaro-ɓaro. Kada kuma ka saye shi don rage ƙiba, bambancin ƙarfin da jiki ke ƙonawa tsakanin zama da tsayuwa ɗan kaɗan ne. Amfanin yana cikin sauya yanayin jiki. Farfesa Alan Hedge na Jami'ar Cornell a Amurka ya ba da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: a kowane rabin awa, minti 20 a zaune, minti 8 a tsaye, minti 2 kana motsi. Ba kullum nake cika ta ba, amma nakan tashi duk lokacin da zan amsa waya ko karanta doguwar takarda. Abin da ya sa hakan ya ɗore shi ne maɓallan da ke riƙe tsayi: na ɗaya na zama, 65, na biyu na tsayuwa, 101. Dannawa ɗaya, kafin in kurɓi ruwa ya kai inda nake so.

Shi kuwa dandamalin, gaskiya ya fi araha kuma ba ya buƙatar haɗi, iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Yana ƙara 'yan santimita a kan teburin da dama can ya yi maka tsayi, ya cinye fili, kuma allo yana rawa duk harafin da ka buga. Ni ƙara min ciwon ya yi. Idan kai dogo ne sosai, ko kuma teburin na wurin aiki ne ba ka da ikon canza shi, zai iya yi maka maleji.

Akwai kuma mai hannun murɗawa, wanda ba ya buƙatar lantarki. Wani abokin aikina yana da shi, yana da ƙarfi kuma babu injin da zai lalace, sai dai murɗawar tana da yawa kafin ya kai tsayin tsayuwa, har ya zama a wuri ɗaya yake barinsa makonni. In wuta ba ta zama a inda kake, ka dube shi da kyau, domin mai injin duk inda wuta ta ɗauke ta bar shi, nan zai tsaya sai ta dawo.

To, a cikin masu injin ma akwai bambanci, kuma a nan nake so ka buɗe ido. Ƙafar teburin ko dai mai gaɓa biyu ce ko mai gaɓa uku. Mai gaɓa biyu yawanci a wajen santimita 70 take tsayawa, wato ga mutum irina ba ta magance komai ba. Mai gaɓa uku ita ke sauka zuwa wajen 60 ko 65, ta hau har 125. Ma'aunin Turai na teburan ofis, EN 527, ya sa tazarar 65 zuwa 125 ga tebur na zama da tsayuwa, don haka ka riƙe waɗannan lambobi biyu a matsayin mizani. Sannan ka nemi mai inji biyu, ɗaya a kowace ƙafa. Ya fi mai inji ɗaya ɗaukar nauyi, ya fi shi saurin tafiya, kuma ba ya nishi idan ka ɗora allo biyu. Ka tuna nauyin katakon saman yana cikin lissafin kilo ɗin da aka rubuta a mafi yawan lokuta. Injinan nan kuma ba a ƙera su don aiki ba tsayawa ba, galibi bayan minti 2 na aiki suna son hutun minti 18, saboda haka kada ka bar yara su mayar da shi abin wasa. Ka tabbata yana da na'urar da ke tsayar da shi idan ya ci karo da wani abu, saboda gwiwarka, da hannun kujera, da kan ƙaramin yaro.

Faɗin saman daga gaba zuwa baya kada ya gaza santimita 70, in ka samu 80 ya fi. Allo yana son ya yi nisan miƙa hannu daga idonka, kamar santimita 50 zuwa 70, layinsa na sama daidai da idonka ko ƙasa kaɗan, kuma mai santimita 60 ba ya ba ka wannan fili idan allon babba ne. Ka guji aljihun tebur mai kauri a tsakiya, yana hana cinya shiga. Idan laftof kake aiki da ita, babu teburin da zai cece ka sai ka ɗaga ta a kan mazauni, ka haɗa mata kibod da maus daban, tunda allonta da madannanta a manne suke: in hannu ya ji daɗi wuya zai sha wahala.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma sai na faɗa: ka yi hattara da masu sayarwa. Kafin in dace da nawa, wani ya aiko min da tebur da ya rantse mai inji biyu ne. Da na kifa shi sai na ga inji ɗaya da sandar ƙarfe da ke juya ɗaya ƙafar. Saman da ya kira katako kuwa dusar katako ce da aka matse aka lulluɓe da leda mai zanen itace, irin wadda ke kumbura in ruwa ya shiga ta gefe. Da kyar na karɓo kuɗina bayan sati shida ina bin sa. Kalmar "ergonomic" da suke mannawa, wato wai an ƙera shi daidai da jikin mutum, ba ta nufin an gwada komai, kowa yana iya buga ta a kwali. Ka ce a turo maka hoton ƙarƙashin teburin na gaske, ka ƙirga injinan da idonka. Ka ce a rubuta maka iyakar saukarsa da hawansa, a kuma fayyace ko da katakon sama aka auna. Garanti ma ka tambaya dalla-dalla, domin wasu ƙarfen kawai suke rufewa shekaru da yawa, su bar inji da akwatin lantarki a kan shekara ɗaya, alhali su ne ke lalacewa. In za ka iya zuwa da kanka, ka ɗaga shi har ƙarshe, ka dafa da hannu biyu ka girgiza. Wanda ya yi lilo a shago, a gida ma zai yi, kuma da allo a kai sai ya fi haka.

In kuɗin bai kai ba yanzu, kada ka yi gaggawar sayen dandamalin don ka ji ka sayi wani abu. Ka ɗaga kujerarka har gwiwar hannu ta zo daidai da saman teburin da kake da shi, ka sa wa ƙafarka matashi mai tauri ko ɗan akwati, ka ci gaba da tara kuɗi. Ko kuma ka sayi ƙafafun kaɗai, masu gaɓa uku da inji biyu, ka ɗaure tsohon katakonka a kai, in dai kaurinsa ya kai santimita 2 da rabi don sukurori su kama. Yau da dare ka zauna a kujerarka, ƙafa a ƙasa, kafaɗa a sake, ka sa wani ya auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunka. Ka turo min lambar tare da tsawonka, sai in gaya maka ko mai gaɓa biyu zai ishe ka ko dole sai mai uku.