Sftp, rsync, lftp ko rclone: wacce za ka ɗauka don tura fayil zuwa sabar?

Kafin ka girka kowace manhaja, koma wurin mai kula da sabar ka tambaye shi lambar ƙofar da ya buɗe maka. Amsarsa ce za ta yanke rabin shawarar. Idan ya ce 22, ta hanyar SSH, wato ɓoyayyen layin shiga kwamfuta daga nesa, za ka shiga, ke nan sftp, scp, wataƙila da rsync suna gabanka. Idan ya ce 21, FTP ne, sai ka ƙara tambaya ko yana karɓar TLS, wato tsarin da ke ɓoye abin da ke bin layi daga masu leƙe. Idan ya ce 990, FTPS ne irin wanda ake kulle layin tun daga gaisuwar farko. Idan kuwa ya miƙo maka makullai biyu da sunan wani "bokiti", ma'ajiyar gajimare ce irin ta S3, kuma rclone ce ta ƙware a wannan yaren cikin waɗanda za mu duba.

Mutane da yawa suna ɗaukar SFTP da FTPS abu guda ne saboda haruffan sun yi kama. Ba su haɗa dangi ba. FTPS tsohon FTP ne da aka lulluɓe da TLS. SFTP kuwa ƙa'ida ce daban da ke gudana cikin SSH, wanda Tatu Ylönen ya ƙirƙira a 1995. Manhajar da ta iya ɗaya ba dole ta iya ɗayan ba.

Duk manhajojin nan kyauta ne. Abin da za ka biya shi ne lokacinka, da fayilolin da za su lalace ko su ɓace idan ka ɗauki wadda ba ta dace da aikin ba. Don haka da abu uku za ka auna kowacce: me take yi idan layi ya yanke ana tsakiyar aiki, shin tana iya aiki da dare babu kowa a gaban kwamfuta, kuma shin tana faɗa maka gaskiya idan ta kasa.

Tsohuwar ftp

An fara rubuta ƙa'idar FTP a 1971, aka daidaita ta a 1985 cikin takardar RFC 959, zamanin da ba a damu da masu leƙen layi ba. Sunanka da kalmar sirrinka suna tafiya tsirara. Wannan kaɗai ya isa ka guji manhajar ftp a kan intanet.

Akwai kuma matsalar layi biyu. FTP yana aika umarni ta ƙofa 21, amma fayil da jerin sunaye suna bin wani layi dabam. A tsohon salo, sabar ce ke juyowa ta kira kwamfutarka daga ƙofa 20, katangar tsaro ko rauta kuma ta tare kiran. Alamar ita ce ka shiga lafiya, ka buga ls, sai shiru, daga baya kuskure mai lamba 425 ya fito. Maganinsa salon PASV, inda kai ne ke buɗe layi na biyun. Manhajar ftp.exe da ke zuwa da Windows ba ta iya wannan salon ba, ko ka buga quote pasv ba ya gyara komai a ɓangarenka. Sannan wasu tsofaffin manhajojin suna farawa a yanayin ascii, wanda ke sauya ƙarshen layuka. Ka tura hoto ko fayil ɗin zip a haka, zai isa da alamar nasara amma ba zai buɗu ba. Dole ka buga binary tukuna.

Sftp da scp

Waɗannan suna cikin OpenSSH, saboda haka suna nan a Linux, macOS da Windows 10 zuwa sama, galibi ba sai ka girka komai ba. Ga mai tura fayil ɗaya ko biyu da hannu, sun wadatar: sftp suna@sabar, sai put ko get. Idan layi ya yanke, reget da reput suna ci gaba daga inda aka tsaya. Scp ba ta da wannan, daga farko take komawa, shi ya sa ba ta dace da fayil mai gigabait goma a kan layi mai rawa ba. Tun daga OpenSSH 9.0 na 2022, scp ma ƙa'idar SFTP take bi a ciki, kuma tsohuwar na'urar da ta ƙi hakan sai ka ƙara mata -O.

Ƙaramin abu mai ɓata lokaci: ssh tana karɓar lambar ƙofa da ƙaramin -p, su kuwa sftp da scp da babban -P.

Don aikin dare, rubuta umarninka cikin fayil ka kira sftp -b umarni.txt suna@sabar. A wannan yanayi ba za ta tsaya tambayar kalmar sirri ba, sai ka tanadi makulli da ssh-keygen -t ed25519, ka ba mai sabar rabin da ke ƙarewa da .pub. Kyawunta shi ne da umarni ɗaya ya gaza, tana tsayawa ta dawo da lambar kuskure. Rauninta shi ne ba ta kwatanta abin da ke nan da abin da ke can. Ka ce put -r, za ta sake tura komai, har wanda ta tura jiya.

Rsync, idan sabar ta yarda

Idan aikinka shi ne folda mai dubban fayiloli da kaɗan ne ke sauyawa kullum, babu wadda ta kamo ƙafar rsync. Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar da ita a 1996, kuma hikimarta tana nan: tana duba girma da lokacin gyaran kowane fayil, ta tsallake waɗanda ba su sauya ba, a cikin waɗanda suka sauya kuma ta aika guntayen da suka bambanta kawai. Fayil mai gigabait biyu da aka ƙara wa layuka kaɗan ba zai ci maka gigabait biyu na data ba. Tana kuma rubuta fayil da sunan wucin gadi, sai ya kammala ta sauya masa suna, don haka wata manhaja a sabar ba za ta ɗauki rabin fayil ana tsakiyar turawa ba.

Umarnin da aka fi bukata shi ne rsync -avP hotuna/ suna@sabar:/ajiya/hotuna/. Harafin a yana riƙe izini, lokaci da ƙananan folda, P yana nuna ci gaba ya kuma adana rabin fayil idan layi ya yanke. Ƙara z idan rubutu ne, amma ba ya amfanar bidiyo ko hotuna da aka riga aka matse. Idan ba ka so ta cinye layin kowa, --bwlimit=500 zai tsayar da ita kusa da kilobait 500 a daƙiƙa.

Wuri biyu take cizo. Na farko, karkatacciyar sandar ƙarshe: hotuna/ na nufin abin da ke cikin foldar, hotuna babu sanda na nufin foldar kanta, sai ka tarar da hotuna cikin hotuna. Na biyu ya fi haɗari, wato --delete, wanda ke goge duk abin da ke sabar da ba ya wurinka. Idan faifan da kake kwafa daga ciki bai hau ba, foldar ta zama fanko, rsync za ta share na sabar su yi daidai. Kada ka taɓa gudanar da --delete karon farko ba tare da -n ba, wanda ke nuna abin da za ta yi ba tare da ta taɓa komai ba.

Sharaɗinta shi ne dole a sami rsync a ɓangarorin biyu, kuma sabar ta ba ka izinin gudanar da umarni. Sabobi da yawa na kamfanoni suna kulle baƙo a SFTP zalla. A irin wannan, ƙofa 22 a buɗe take amma rsync za ta mutu nan take. Ba laifinka ba ne, kuma babu saitin da zai gyara daga wurinka.

Lftp

A nan ne lftp, ta Alexander Lukyanov, ke shigowa, kuma a ganina ita ce zaɓin da ya fi dacewa ga duk wanda ba shi da iko da sabar. Tana jin FTP, FTPS, SFTP da HTTP, kuma ba ta bukatar komai a can. Umarnin mirror yana sauke folda gaba ɗaya, mirror -R yana ɗora ta, yana tsallake abin da bai sauya ba. Ba ta aika guntaye kamar rsync, fayil da ya sauya dukansa zai tafi, amma tana rama wannan da layuka masu yawa: --parallel=4 yana tura fayil huɗu a tare, pget -n 4 yana raba babban fayil gida huɗu wajen saukewa. Kada ka zarce, sabobi da yawa suna iyakance yawan layin mutum ɗaya, sai ka ga kuskure 421.

Idan FTPS ne, saka set ftp:ssl-force true da set ftp:ssl-protect-data true. Na farko yana hana ta komawa tsirara idan TLS ya ƙi, na biyu yana lulluɓe fayil ɗin kansa, ba kalmar sirri kaɗai ba. Naci ne halinta: layi ya yanke, ta sake kira, ta ci gaba. Wannan alheri ne idan kana zaune, amma a aikin dare yana iya barin ta rataye har na gobe ya same ta. Saka set net:max-retries 3 da set net:timeout 20, da set cmd:fail-exit yes don ta fita da kuskure idan wani umarni ya gaza.

Curl da wget

Curl ta Daniel Stenberg ta fi kyau ga fayil ɗaya cikin rubutaccen shiri: -T don ɗorawa, -O don saukewa, -C - don ci gaba, --ssl-reqd don tilasta TLS. Ba ta bin folda. Kuma ba kowace curl ke da SFTP ba, ya danganta da yadda aka gina ta, sai ka buga curl -V ka duba jerin. Wget saukewa kawai take yi, da -m da -c, kuma ba ta san SFTP ba.

Rclone

Nick Craig-Wood ne ya rubuta ta, fayil ɗaya ce da ke aiki iri ɗaya a Windows, Linux da macOS. Ita ce ta ma'ajiyar gajimare, S3, Google Drive da makamantansu, tana kuma jin SFTP da FTP, har tana iya kwashe kaya daga wata sabar zuwa wata. Tana tura fayil huɗu a tare idan ba ka sauya --transfers ba. Bambanci tsakanin copy da sync shi ne abin kiyayewa: copy ƙari kawai take yi, sync tana gogewa, don haka fara da --dry-run. Babban fayil da ya yanke a hanya zuwa sabar SFTP daga farko take sake shi. Kalmar sirrin da ke cikin fayil ɗin saitinta kuma rufa-ido kawai aka yi mata, duk wanda ya sami fayil ɗin zai iya warware ta, sai in ka kulle saitin gaba ɗaya daga cikin rclone config.

Mai Windows zalla da ke son FTPS ko SFTP cikin aikin dare yana da winscp.com, wadda ke karɓar /script kuma tana da umarnin synchronize. Idan SFTP ne, tana bukatar ka rubuta zanen yatsan makullin sabar, wato gajeriyar shaidarsa, da -hostkey. Ka karɓi na gaskiyar daga mai sabar, kada ka saka tauraro (*) a madadinsa don ta yi shiru, domin wannan binciken ne ke tabbatar maka da sabar da kake magana da ita.

Gwaji kafin ka dogara da ita

Kowacce ka ɗauka, kada ka rubuta kalmar sirri a kan layin umarni. Tana zama cikin tarihin umarninka, kuma wani mai amfani da kwamfutar yana iya ganinta da umarnin ps. Makullin SSH ya fi, in kuwa FTP ne dole, saka ta cikin ~/.netrc ka yi masa chmod 600, curl da -n za ta karanta, lftp da wget ma haka.

Sannan ɗauki fayil mai kusan megabait 500, fara turawa, katse intanet a tsakiya, ka mayar, ka ga ko ta ci gaba ko ta koma farko. Bayan ta gama, gudanar da sha256sum, mai fitar da lambar shaidar fayil, a ɓangarorin biyu ka kwatanta, ko ka sake sauke fayil ɗin ka auna idan sabar ba ta ba ka izinin umarni. Daga nan ka ba ta adireshin ƙarya da gangan, ka buga echo $? ka duba lambar da ta dawo da ita, domin sifili na nufin nasara. Idan sifili ya fito alhali aikin ya gaza, gyara saitin kafin ka miƙa ta ga cron, manhajar da ke gudanar da aiki da kanta a lokacin da ka tsara. A rsync, lamba 23 na nufin wasu fayiloli ba su wuce ba, galibi saboda izini, 24 kuma na nufin wasu sun ɓace daga tushe ana tsakiyar kwafa.