Jika 57 na zuba wa mai sayar da kayan mota a Facebook, tsohon ƙarfe ya aiko mini

Motata Corolla ce ƙirar 2006, shigowar Turai, mai shan esans. Da ita nake kai yara lakwal, da ita nake leƙa Tibiri da Madarunfa ranar kasuwa, don haka in ta kwanta gidan gaba ɗaya ya kwanta. Bayan ƙaramar salla jar fitilar batir ta fara kamawa a tablo. Bakaniken da nake kai wa aiki a Sabon Gari ya ɗora mita, injin na tafiya amma wuta ba ta wuce 12 ba, alhali lafiyayyen altanata, wato abin da ke cajin batir in injin na tafiya, yakan ba da tsakanin 13 da rabi zuwa 14 da rabi. Ya kwance shi, ya shinshina, ya ce, "Malam, wannan karon ba gawayi ba ne, naɗin wayar ne ya ƙone. Sai dai wani."

Ya zagaya shagunan piyes na cikin gari ya samo na hannu a jika 70. Na ji nauyin kuɗin. Kowa a Maraɗi ya san yadda kayan mota suka yi tsada tun da aka rufe iyakoki bayan Yulin 2023. Abin da a da ke zuwa ta Kwatano ya koma zagayowa ta Lome da Burkina, kuma kuɗin wannan doguwar hanya a kan mai saye yake ƙarewa. Cikin wannan hali na ci karo da shafin wani mai sayar da kayan mota a Facebook. Bidiyo ne na shago cike da kwalaye har rufi, ga tambarin kamfanin Denso mai ƙera kayan mota a jiki, ga murya tana cewa sabon kwantena ya sauka daga Dubai, ana aikawa ko'ina cikin Nijar. Ya ce shagonsa na Yamai, kusa da kasuwar Katako.

Wajen amsa saƙo ban taɓa ganin mai sauri kamarsa ba. Ko da tsakar dare ka rubuta masa a WhatsApp zai amsa da murya, "Alhajina, an gama, kayanka na hannu." Ya ce sabo fil a kwali, jika 45.

A nan ne ya kamata in tsaya, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Bakanikena ya ce in nemi lambar kayan. Kowane piyes na Toyota yana da lamba mai alƙaluma 10, wani lokaci da harafi a ciki, biyar gaba biyar baya, kuma ta altanata da 27060 take farawa. Mai sayarwa na gaskiya shi da kansa zai ce ka turo masa lambar sasi, waccan mai haruffa da alƙaluma 17 da ke kan kart giris, domin Corolla ta shekara guda ma ba iri ɗaya ba ce: ta Amurka daban, ta Turai daban, mai shan gazuwal daban, kuma bakin fulogi da fulin da bel ke hawa sukan bambanta. Da na tambaye shi sai ya yi dariya ya ce, "Haba Alhajina, Corolla ai Corolla ce. Shekara nawa muna wannan sana'a?" Na ce ya ɗauko mini hoton takardar da ke manne a jikin kayan, ya ce kwalin a rufe yake, buɗe shi zai rage masa daraja. Ya haɗa da rantsuwa. Mu nan in mutum ya ambaci sunan Allah a ciniki, kunya ba ta barin ka ƙara matsa masa, kuma ya san da haka.

Na je wurin aika kuɗi na tura jika 45. Sunan da ya ba ni ba nasa ba ne, wai na ƙanensa ne mai riƙe da akwatin shago. Washegari ya kira ya ce sai na cika jika 12 na mota da na ɗauri, in ba haka ba kayan za su kwana mako a tasha. Wanda ya riga ya ba da 45 ba ya son 12 ta hana shi kayansa. Na tura.

Kwana biyar kafin kwalin ya iso, alhali bas ɗin da ta bar Yamai da asuba takan shigo Maraɗi a ranar. Ban buɗe shi a tasha ba, na wuce da shi gareji. Bakanike na yanke salatif ya yi shiru. Tsohon altanata ne aka fesa wa fenti ruwan azurfa, har a kan ƙusoshi da bakin fulogi, aka manna masa takarda mai kwafin tambari wadda farce ɗaya ya ɓare. Fulin da kyar yake juyawa. Ko ramukan ɗauri ba su yi daidai da na motata ba. Ya ce, "Malam, wannan ko na wace mota ne, ya mutu tun kafin naka."

Na kira shi nan take. Ya yi salati, ya ce yaronsa ne ya musanya kwali da na wani mutumin Damagaram, in yi haƙuri zuwa gobe. Kafin magariba ya goge saƙonnin muryar da ya turo cikin kwanakin nan, da safe kuma lambar ta daina shiga. Ɗan yayana da ke karatu a Yamai ya yini yana tambaya a kewayen Katako, ba wanda ya san shago mai wannan suna.

Na kai ƙara kamisariya, kuma an saurare ni. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019, amma abin da aka fara tambayata shi ne hujja: rasit ɗin aika kuɗi, lambar waya, hotunan hirarmu. Rasit biyu suna hannuna. Hirar kuwa kusan duk da murya aka yi ta, kuma inda ya nemi ƙarin jika 12 da inda ya ɗora wa yaronsa laifi a kiran waya ne, ba abin da zan nuna. Yanzu na gane dalilin da ya sa bai taɓa rubuta mini farashi da hannunsa ba.

Ba na cewa duk mai tallar piyes a waya ɓarawo ne. Akwai ƴan kasuwar garin nan da ke sa kayansu a WhatsApp, amma ka san ƙofar shagonsu, ka san wanda za ka kai wa ƙara in an saɓa. Akwai direbobin da ke bi ta Dan Isa da Jibiya zuwa Kano, su tafi da tsohon kayanka Ƙofar Ruwa, a jera shi da wanda za a saya a gani ido da ido. Wannan mutumin kuwa bai yarda da ko ɗaya ba: ba lamba, ba hoto na kusa, ba a turo wani ya duba, ba a biya bayan kaya sun iso. Ban ba kowa shawarar ya tura masa ko dala ɗaya ba.

A ƙarshe wancan na jika 70 na koma na saya, bayan mota ta yi kwana goma sha ɗaya a ajiye ina biyan kabu-kabu safe da yamma. Mai shagon ya ba ni kwana uku in gwada, aka ɗaura a gabana, mita ta nuna 14. Makon jiya wani maƙwabcina mai taksi ya miƙo mini wayarsa yana tambaya ko na san waɗannan mutane, yana neman amortisa. Shafin ya sake suna, lambar ma wata ce, amma bidiyon shi ne dai, da kwalayen nan har rufi. Na kai shi gareji na nuna masa abin da aka aiko mini, yana nan a ƙarƙashin benci, fentin ya fara ɓarewa.