Gidan giyar inabi ko injin matse rake: amsa ga mai zuwa tsibirin Madera

Wani ɗan'uwa a wani zauren tattaunawa, ɗalibin fannin sarrafa abinci a Fotugal, ya ce ajinsu zai je tsibirin Madera, wani yanki na ƙasar Fotugal, kuma an ba su yini guda su zaɓi wuri ɗaya: ko ƙaramin gidan giyar inabi inda ake ɗanɗanawa, ko masana'antar giyar rake, wadda ake kira rum. Ya ce shi ba ya sha, aikin yake son gani, sai ya tambaya wanne ya fi amfani gare shi.

Ɗan'uwa, fara duba watan da za ku je, domin shi ne rabin amsar. Ana saran rake a Madera daga wajen Maris zuwa Mayu, kuma a wannan ɗan tsakanin ne kawai injinan matsa suke juyawa. Inabi kuwa sai ƙarshen Agusta ake fara tsinkarsa, a ci gaba har cikin Oktoba. Babu watan da za ka samu duka biyun suna kan ganiyarsu. Masana'antar rake a watan Nuwamba ƙarfe ne kwance da kantin sayar da kwalabe. Gidan inabi bai damu da wata sosai ba, saboda yawancin abin da ake nunawa a can yana cikin ganga ne, ganga kuwa tana nan rani da damina.

Sana'o'in biyu sun daɗe suna karɓeɓeniya a tsibirin. Rake ne ya fara, tun ƙarni na 15, kuma da gumin bayi aka gina arzikin sukarinsa. Da Birazil ta ƙwace kasuwar sukari sai inabi ya karɓi gonakin. Da cututtuka suka afka wa inabin a ƙarni na 19, musamman ƙwaron saiwa da ya iso a 1872, sai rake ya sake samun gindin zama.

Mu fara da gidan inabi, amma da gyara ɗaya. Kada ka sa rai da gona a bayan gida. Manoman Madera ƙananan filaye gare su a jikin dutse, hawa-hawa kamar matakala, suna ɗaga inabin a kan rumfa, sannan su sayar wa kamfanonin da ke yin giyar, waɗanda ba su da yawa. Idan ka shiga wani tsohon gida kamar Pereira d'Oliveira a Funshal, babban birnin tsibirin, ganguna da kwalabe za ka tarar. Gonakin suna can Estreito de Câmara de Lobos da São Vicente.

Aikin kansa haka yake. Ana matse inabi, yis ya kama cin sukarin yana mayar da shi barasa da iskar kabon. Kusan giram 17 na sukari a lita guda ne ke ba da kashi 1 cikin 100 na barasa, kuma inabi kilo ɗaya da ɗoriya ne ke cika kwalba mai mililita 750. Har nan daidai yake da kowace giyar inabi. Inda ta Madera ta raba hanya shi ne ba a barin yis ya gama. Ana zuba masa tsantsar barasar inabi mai ƙarfin kashi 96, yis ya mutu nan take, sukarin da bai ci ba ya zauna a ciki. Lokacin zubawar ne ke yanke hukuncin zaƙi. Malvasia ana tare ta da wuri, shi ya sa ta fi kowa zaƙi. Bual na bi mata, sai Verdelho, sai Sercial da ake bari ta kusa ƙarasawa, ta fito da tsami mai kaifi. Waɗannan huɗun sunayen irin inabi ne, amma mafi yawan giyar tsibirin daga wani baƙin iri ake yin ta, Tinta Negra, wanda ake iya sarrafa shi ya ba da kowane mataki na zaƙi. Ƙarfin giyar a ƙarshe tsakanin kashi 17 da 22 ne.

Sai dumamawa, abin da ya fi dacewa ɗalibi ya buɗe kunne a kansa. A ko'ina zafi da iska maƙiyan giyar inabi ne. Har masu sana'ar kan aro sunan Madera su siffanta farar giyar da zafi ya lalata ta koma ruwan ƙasa. A nan kuwa da gangan ake yi, tun da aka lura cewa gangunan da suka sha zafin cikin jirgin ruwa a doguwar tafiya sun dawo da ɗanɗanon da masu saye suka fi so. Hanya biyu ce. Ta sauri, estufagem, tanki ne mai bututun ruwan zafi, a riƙe giyar a digiri 45 zuwa 50 na tsawon wata 3 aƙalla. Ta haƙuri, canteiro, ganguna ake jerawa a saman bene ƙarƙashin rufi, zafin rana ya yi aikinsa a hankali, shekara 2 mafi ƙaranci, sau da yawa fiye da haka nesa ba kusa ba. Wadda aka rubuta wa Frasqueira ta yi shekara 20 a ganga aƙalla. Idan zafin tanki ya wuce kima ko ya hau da gaggawa, sukarin ya ƙone, giyar ta ɗauki ɗacin ƙanzo wanda ba ya fita. Tambayi mai zagayawa da ku yadda suke hawa da saukar da zafin. Daga amsarsa za ka gane ko ma'aikacin wurin ne ko mai haddar jawabi.

Ɗanɗanawar tana da tsari. Ana zuba kaɗan, abin da bai wuce cokali biyu ko uku ba, a fara da mai tsami a ƙare da mai zaƙi, domin idan zaƙi ya riga shiga baki duk abin da ya biyo baya sai ya zama kamar ruwan tsamiya. Ana riƙe kofi ta ƙafarsa don kada zafin hannu ya taɓa shi, a karkata shi a kan farar takarda a duba launi, a ɗan juya shi, a shinshina. Kada ka fesa turare ranar, za ka ɓata wa kowa hanci. Masu sana'a kan kurɓa su tofar a wani mazubi da aka ajiye, amma kada wani ya ruɗe ka da cewa tofarwa daidai take da rashin sha: giyar ta shiga baki, kuma wani ɓangare na wucewa. Ka ce ba ka ɗanɗanawa, ba wanda zai ɗaga maka gira. Aibobin da ake nema ma yawanci hanci ne ke kama su. Warin jiƙaƙƙen kwali daga toshiyar kwalbar yake, warin ruwan khal alamar ƙwayoyin cuta sun samu iska sun fara mayar da barasa tsami, warin ɓaragurbi kuma yis ne ya wahala a lokacin tsimawa ya fitar da iskar farar wuta. Duk da haka gaskiya ɗaya ce: an shirya wannan ziyara ne domin mai kurɓa, wanda ba ya kurɓa zai tashi da rabin darasi.

Masana'antar rake ba haka take ba, ido da kunne ne ke cin ribarta. Engenhos do Norte a Porto da Cruz, a gaɓar arewa maso gabas, tun 1927 take, kuma har yanzu tururi ne ke juya injin matsarta. Akwai wata tsohuwa a Calheta, kudu maso yamma. Rum ɗin Madera daga ɗanyen ruwan rake ake yin sa, ba daga baƙin ragowar da ke fita bayan an cire sukari ba, wanda shi ne tushen yawancin rum na duniya. Dokar Tarayyar Turai ta keɓe laƙabin rum na gona ga yankunan Faransa na ƙetare, irin su Matinik, da kuma Madera kaɗai.

Wannan zaɓi na ɗanyen ruwa shi ke sa komai ya zama tsere. Rake da zarar an sare shi ya fara mutuwa. Ƙwayoyin cuta na shiga ta bakin saran, su ci sukari, su bar wani abu mai yauƙi da tsami, don haka ake son a matse shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Duk wanda ya taɓa ajiye yankakken rake ya ga bakinsa ya yi ja ya san wannan. Ana bi da shi tsakanin manyan ƙarafa masu juyawa sau da yawa, ana yayyafa wa tuƙar ruwa tsakanin matsa da matsa don a kwashe sauran sukarin. Ruwan da ya fito, garapa a bakin mutanen wurin, ana tace shi a kai tanki a sa yis. Kwana kaɗan ya gama, ya bar ruwa mai barasa ƙasa da kashi 10. Tsimawa da kanta zafi take haifarwa, idan tanki ya haura wajen digiri 35 yis ya raunana, aiki ya tsaya da sukari a ciki, ƙwayoyin tsami su samu gari. Nemi ganin yadda suke sanyaya tankunan.

Matakin da gidan inabi ba zai nuna maka ba shi ne tatsar barasa ta tururi. Barasa na tafasa a digiri 78 da ɗigo, ruwa sai 100, saboda haka tururin da ke tashi daga dafaffen ruwan ya fi shi barasa. A bi da tururin ta bututu mai sanyi ya koma ruwa. Tukunya iri biyu ce. Akwai mai tumbi ta jan ƙarfe, wadda ake cikawa a dafa a juye, a sake. Akwai doguwa mai hawa-hawa a ciki, ruwan na sauka daga sama tururi na hawa daga ƙasa, tana aiki ba tsayawa kuma tana ba da barasa mai ƙarfi a zagaye guda. Jan ƙarfen ba don ado ba ne, shi ke kama sinadaran farar wuta masu wari. A tukunya mai tumbi gwanintar tana wurin yanka: abin da ya fara ɗigowa, kai, yana da warin man goge fentin farce kuma ana ware shi; na tsakiya shi ake ajiyewa; wutsiya mai maiƙo da warin jiƙaƙƙen tsumma ita ma a ware. Wanda ya yi kwaɗayin yawa ya makara wurin yanke wutsiya zai samu rum mai nauyi da ke yin hazo idan an sirka shi da ruwa. Wanda ya hura wuta da ƙarfi kuma kumfa ta haura cikin bututu ta gurɓata abin da ya riga ya tara. Lita guda ta rum kan ci fiye da kilo 10 na rake. Farin rum ana sirka shi zuwa kashi 40 ko 50 a zuba a kwalba, shi ne ake haɗawa da zuma da lemun tsami a yi poncha, wani abin sha na tsibirin; wanda za a kira tsoho sai ya yi shekara 3 a ganga.

Ɗanɗanawa a nan gajeriya ce, a bakin kanta bayan zagaye. Ga abokan tafiyarka masu sha, lissafin ya bambanta: mililita 50 na rum mai kashi 50 na ɗauke da mililita 25 na tsantsar barasa, giyar Madera mai kashi 19 kuwa 9 da rabi. Ba a cusa hanci cikin kofin rum, daga sama ake shaƙa, in ba haka ba hancin ya dushe na wani lokaci. Direba kada ya taɓa. Iyakar doka a Fotugal giram 0.5 ce a litar jini, 0.2 ga sabon direba da mai tuƙin haya, hanyoyin tsibirin kuma kwana ne da gangare.

Sa takalmi rufaffe, ƙasan na da santsi da danƙo. Kada ka leƙa da kanka cikin tankin da ke tsima, iskar kabon ta fi iskar shaƙa nauyi, tana kwanciya a saman ruwan, shaƙa biyu na iya sumar da mutum. Ashana da taba haramun ne kusa da tukunya.

Akwai kuma abin da zai fi kama hankalin Bahaushe. Ba duk ruwan raken ke tafiya tankin yis ba. Wani ana tace shi a dafa har ya yi kauri ya yi baƙi, ya zama mel de cana, zumar rake, wadda ba ta da barasa ko ɗigo kuma da ita ake yin kek ɗin bolo de mel na lokacin Kirsimeti. Hanyar mazarƙwaila ce sak, sai dai ana sauke ta tana ruwa-ruwa maimakon a ci gaba da dafawa har ta daskare. Yadda suke tacewa da kwashe kumfa da gane lokacin saukewa ilimi ne da zai yi aiki a duk inda ake matse rake a gida. Masana'antar Calheta tana yin zumar da rum ɗin duka, ita ce ta fi dacewa da wannan buƙata.

Saboda haka in tafiyar ta faɗo tsakanin Maris da Mayu, zaɓi injin rake ba tare da wani dogon tunani ba, ku kira tukuna ku tabbatar ana matsa a ranar, ku kuma je da safe lokacin da motocin rake ke sauke kaya. In wani watan ne, gidan inabi ya fi, amma ku nemi zagayen da ke kai mutum benen ganguna da ɗakin tankunan zafi, ba wanda ke farawa ya ƙare a teburin kofuna ba.