Wasiyyar Baturen gyaɗa: yadda na same ta da fam 1.50

Tun muna yara Goggo take ba mu labarin kakanmu, wanda ya yi shekara 19 yana kuku a gidan wani Baturen kamfanin sayen gyaɗa a Kano. Ta ce bayan Baturen ya koma ƙasarsu ya mutu, an aiko wa kaka kuɗi, wai ya sa shi cikin wasiyyarsa. Ko takarda ɗaya babu a gidan da ta nuna haka, har wasu baffanninmu suna ganin zancen tsofaffi ne kawai. A 2023 na ce bari in bi diddigi.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, a Ingila da Wales da zarar an tabbatar da wasiyya a hukumance, ta zama takardar jama'a. Ba sai kana magaji ba, ba mai tambayar dangantakarka da mamacin. Duk wadda aka tabbatar daga 12 ga Janairu 1858 zuwa yau tana rajistar gado ta gwamnati, kuma ana nemanta a shafin gov.uk. Binciken kyauta ne, kwafin ake biya. Lokacin da na saya fam 1.50 ne, bayan an sauke shi daga fam 10 a 2019. An ƙara kuɗin daga baya, don haka a duba farashi kafin a yi lissafi.

Inda aikin yake shi ne kundin sunaye. Daga 1858 zuwa 1995 hoton shafukan littafin da aka buga kake gani, ka sa sunan mahaifi da shekara, sannan ka yi ta juya shafi da kanka. Goggo ta ce mutumin ya mutu shekara guda bayan samun 'yancin kai, wato 1961. Na karance 1961 kaf, babu shi. Ashe kundin yana bin shekarar da aka tabbatar da wasiyya ne, ba shekarar mutuwa ba. Ina buɗe 1962 sai ga shi: cikakken suna, adireshi a wani ƙaramin gari na bakin teku, ranar mutuwa a Nuwamba 1961, sunan matarsa a matsayin wasiyyiya, da ƙimar abin da ya bari cikin fam da sule, irin lissafin da iyayenmu suka yi har 1973. Duk wannan ban biya ko kwabo ba.

A nan zan ja kunnen mai nema. Idan shafin ya ce "Probate", akwai wasiyya. Idan ya ce "Administration" kaɗai, mamacin bai bar wasiyya ba, takarda guda ta izinin raba gado za ka samu, kuma kusan duk abin da ke cikinta ka riga ka gani kyauta. Mutum uku na tarar masu suna iri ɗaya a shekarun nan. Sunan matar, wanda Goggo ta riƙe, shi ya raba gardama.

Wajen biya katin naira na bai shiga ba, sai da wani abokina da ke karatu a Manchester ya biya mini. An ce a jira har mako huɗu, tawa ta zo cikin kwana 9. Kwana 31 take zama a akwatinka na shafin, saboda haka na sauke ta nan take.

Shafi uku ne, bugun tafireta, hoton ya fito tas. A sakin layi na biyar, bayan matarsa da 'yar uwarsa, ya bar fam 25 ga tsohon kukunsa na Kano, idan yana raye. Ga sunan kakanmu nan, an rubuta shi da kuskuren harafi biyu, kamar yadda kunnen Bature ya ji shi. Na daɗe ina kallon layin nan. A gidanmu babu hoton kaka, babu rubutun hannunsa, wannan ne karo na farko da na ga sunansa a takarda.

Wanda yake neman abin da ya girmi 1858 ba nan zai nufa ba. A da kotunan coci ne ke tabbatar da wasiyya, kuma na babbar kotun Canterbury, tun daga 1384, suna Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kew a Landan, ana sauke su ta intanet. Na Scotland daban suke, a shafin ScotlandsPeople. Wannan ya shafi masu bin sawun Turawan mulki ko na kamfani, don da yawansu 'yan can ne.

A ganina hidimar ta ci kuɗinta, muddin ka san cikakken sunan mutum da kusan shekarar mutuwarsa. Da laƙabin da mutanen gari suka sa wa Bature kaɗai ba za ka kai ko'ina ba.

Na buga kwafi na kai wa Goggo, na fassara mata layin sau biyu. Ta karɓi takardar ta riƙe, ta ce da kuɗin nan Baba, wato kakan namu, ya sayi keken ɗinkin da ke ɗakin Inna har yau.