Idan jikin Mustang ko Challenger ya bugu a Abuja: kwankwasa, gwanjo, sabo, ko a kira masu inshora?

Motocin gudu masu ƙofa biyu sun yawaita a Abuja, daga Wuse 2 zuwa Maitama da Gwarinpa, kuma duk matsalarsu ɗaya ce: gabansu ya kusa shafar ƙasa. Tudun rage gudu, bakin kwalbati, ɗan Keke da ya ja birki ba shiri, kowanne ya isa ya tsage bamba ko ya lotsa fenda. Abin da ke jawo wa mutane asara ba bugun ba ne. Gaggawar da ke biyo baya ce, inda za a ja mota zuwa wurin makanikai a Apo tun kafin a san da me aka ƙera jikinta, ko a duba me takardar inshora ta ce.

A fara da jikin, domin shi ne zai raba gardama. Mai kwankwasar jikin mota da ya saba da Corolla da Golf ƙarfe ya sani, kuma ƙarfe na da haƙuri: a gasa shi, a daka, ya koma kusa da yadda yake. Su kuwa waɗannan motoci ba duka ƙarfe ba ne. Mustang daga ƙirar 2015 bonet ɗinta da fendojin gaba alminiyam ne. Nissan 370Z ƙofofinta da bonet ma haka. Corvette tun 1953 ake yin jikinta da faiba, rufin BMW M4 kuwa yawanci zaren kabon ne. Alminiyam ba ya komawa da kansa, yana ƙara tauri da kowane duka har ya tsage, kuma ba ya yin ja in an gasa shi, saboda haka mai gasawa ba zai ga alamar ya wuce gona da iri ba sai wurin ya lalace. In aka yi masa aiki da kayan da aka goge ƙarfe da su, burbushin na maƙalewa, bayan wasu watanni fenti ya fara kumbura. Faiba da kabon kuwa ba a kwankwasa su kwata-kwata. Maganaɗisu kawai za ka ɗora: inda ya kama ƙarfe ne, inda ya zame ka dakata.

Don haka kwankwasa tana da muhallinta, amma ɗan ƙarami ne. Lotsawar da ba ta fasa fenti ba, masu tura ta daga ciki da sanduna suna fitar da ita, fentin kamfani na nan, darajar mota ba ta taɓu ba. Bambar roba da ta tsage a gefe ana iya ɗinke ta da zafi. Ɓangaren baya na saman taya, wanda a Mustang da Challenger ƙarfe ne a haɗe da gangar mota, gwamma a gyara shi in dai bai murɗe sosai ba, domin canza shi sai an yanka an yi walda. Amma ka tsaya ka ga aikin kafin a rufe shi. Za ka ji an ce, "Ranka ya daɗe, ka je ka dawo jibi, ba za ka gane wurin ba." Gaskiya ne, ba za ka gane ba, don an cike shi da fila mai kauri an goge. Ranar Abuja ce za ta tona shi, kuma duk dillalin da ya san aikinsa zai gano in ka tashi sayarwa.

A ganina, ga mafi yawan mutane kayan Beljiyam ne suka fi dacewa, wato na asali da aka ciro daga wata motar. Suna zama daidai, ramukan noti na haɗuwa, tazarar da ke tsakanin bonet da fenda ta fito ɗaya. Matsalar ita ce samu. A Apo da Gudu kayan Toyota da Honda sun cika shaguna, amma fendar Camaro sai an buga waya Ladipo a Legas, ko a yi oda daga Amurka ko Dubai. Kuma shekara na da muhimmanci: Ford ta sauya fuskar Mustang a 2018, bonet da fitilu da bambar 2016 ba za su hau ta 2019 ba. Ka ba mai kaya lambar shasi mai harufa da lambobi 17, kar ka tsaya a sunan mota. In kayan sun iso, a juya su a duba ciki. Kunnuwan da ke riƙe bamba da fitila su ne ke karyewa a hanya, a liƙe su da gam a fesa baƙin fenti. Da yawa daga kayan nan daga motocin da suka yi haɗari a ƙasashen waje aka ciro su, irin waɗanda ake gwanjonsu a Copart, kamfanin gwanjon motoci na Amurka, don haka ba abin mamaki ba ne a tarar an taɓa gyara su.

Sabon kaya na kamfani ba shi da abin faɗa sai tsada da jira. Da dala ake sayensa, ga kuɗin jirgi, ga kwastan, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 lissafin ya sauya gaba ɗaya. Challenger da Camaro an daina ƙera su a ƙarshen 2023, ban ga dalilin da zai sa kayansu su yi araha nan gaba ba. Duk da haka akwai inda ba na ba da shawarar tsumulmula: ƙarfen da ke bayan bamba, fitilun zamani, da duk abin da ke riƙe na'urar hango abin da ke gaba ko kyamara. In mazauninta ya karkace ko kaɗan, mota za ta riƙa ganin abin da babu.

Sai sababbin da ba na kamfani ba, waɗanda ake kira 'yan Taiwan. Akwai masu kyau, akwai na jeka-na-yi-ka. Wasu bonet ɗin ƙarfe ne maimakon alminiyam, sun fi nauyi. A gwada a jikin mota kafin a yi fenti, domin da zarar fenti ya hau mai shago ba zai karɓa ba.

Fenti kuma shi ne rabin aikin. Lambar kala tana jikin mota, amma motar da ta sha rana shekara biyar ta riga ta dusashe, musamman ja. Mai fentin kirki zai shigar da sabuwar kalar cikin ɓangarorin da ke maƙwabtaka don ido ya kasa raba su, kuma zai yi a rufaffen ɗaki mai oben. Wanda zai fesa a fili lokacin hunturu, ƙura zai haɗa maka da ita.

To, a kira masu inshora ko a biya daga aljihu?

In inshorar ɓangare na uku gare ka, ta naira 15,000 da NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, ta tsayar tun Janairun 2023, babu zancen da za a yi: ba ta gyara motarka, ta wanda ka buga take gyarawa, har zuwa naira miliyan 3. Wannan adadi na da amfani ta ɗaya gefen. In wani ne ya buge ka, kana iya bin kamfaninsa, amma miliyan 3 ba lalle ta rufe gaban Porsche ba, kuma sai in takardarsa ta gaske ce. Ana iya duba lambar motarsa a rumbun bayanan inshora na NIID nan take a waya, tun kuna bakin titi.

Mai cikakkiyar inshora shi ne ke da zaɓi. Ƙa'idar NAICOM ita ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar da aka rubuta, wato motar miliyan 40 na cin miliyan 2 a shekara. Wanda ke biyan wannan bai kamata ya ji nauyin neman haƙƙinsa ba. Sai dai a yi lissafi. Akwai kason farko na kowane gyara da kai za ka biya, yana rubuce a takardarka. Akwai ragin da ake yi wa wanda shekara ta zagayo bai nemi komai ba, zai tafi. Wasu kamfanoni kuma suna zabge wani abu in an sa wa tsohuwar mota sabon kaya. In ƙarzuwar leɓen bamba ce, bayan an cire waɗannan abin da zai rage bai kai zirga-zirgar ba, ka biya da kanka. In kuwa bonet ya tashi, fitila ta fashe, ko jakar iska ta fito, kar ka yi wata-wata. A irin waɗannan motoci abin da ake gani a waje kaɗan ne: bayan bamba akwai lagireto, tukunyar sanyaya iska, wayoyi, da kan shasi.

Babban tarkon shi ne darajar da aka rubuta. Mutum ya yi inshora kafin faɗuwar naira, yana ta sabuntawa a kan tsohon farashi don kuɗin ya yi sauƙi. A ce an rubuta miliyan 30, motar kuwa yau ta kai 60. Takardu da yawa na da sharaɗin cewa rabi ka rufe, rabi za a biya ka, gyaran miliyan 8 ya koma 4. Haka kuma in kuɗin gyara ya kusa darajar da aka rubuta, suna iya cewa motar ta tashi aiki, su biya ka tsohon farashin su ɗauke ta. Kamfanonin takaful irin su Noor da Jaiz, waɗanda da yawanmu suka fi natsuwa da su, su ma da darajar da ka rubuta suke aiki.

Wani abu kuma ga matasa masu juya mota a ranar biki ko ƙarshen mako: tsere da gwajin gudu ba sa cikin abin da inshorar mota ta yau da kullum ke ɗauka, kuma bidiyon da abokai suka ɗora a Instagram injiniyan kamfanin inshora ma yana da waya. Ƙarin kwalliyar jiki da aka ɗaura ba a sanar da su ba, ita ma ba za su biya ba.

In ka yanke shawarar nema, ka ɗauki hotuna a wurin, ka sanar da su cikin wa'adin da ke takardarka, ka samo rahoton 'yan sanda in da wani a ciki, kuma kar ka sa hannu a kan cewa laifinka ne. Kada a kwance ko noti ɗaya sai injiniyansu ya gani. Za su so tura ka garejin da suke hulɗa da shi. Ka je ka tambaya ko sun taɓa aikin alminiyam, su nuna maka. Kafin a fara, a rubuta a takardar amincewa wane irin kaya za a sa, na kamfani, Beljiyam ko Taiwan, domin farashin da suka amince da shi a kan ɗaya daga ciki aka gina shi. Takardar sallama kuwa, wadda ke cewa ka gamsu, kar ka sa mata hannu da yamma a cikin gareji. Ka fito da motar rana tsaka, ka duba kala ta gefe, ka buɗe bonet ka rufe, ka tabbatar babu fitilar gargaɗi da ke ci a gaban direba.