Kauntar Yatsa: Ta Yi wa Mai Zikiri Shi Kaɗai, Ta Kasa a Zawiya

Kauntar tasbihi da ake sawa a yatsa, ƙirar Chaina, tana nan jingim a teburan masu turare da huluna a bakin masallatan Juma'a na Garwa da Marwa a arewacin Kamaru. 'Yar roba ce mai maɓalli biyu, babba na ƙirga, ƙarami na sharewa, da allo mai kaiwa 99999. Batirin agogo take ci, galibi AG10.

Ga mai zikirinsa tsakaninsa da Ubangijinsa, ba ta da makusa. Mai rumfa zai kama salatin Annabi dubu, ya tsaya ya sallami mai saye, ya dawo ya tarar lambarsa na nan. Kuma ba ta tona ɓangare. Carbi a wuya yakan sa a ce wane ɗan ɗariƙa ne, ita kuwa Batijjane da ɗan Izala duk suna sa ta, ba mai ganewa.

A wazifa, wato zikirin jam'i na zawiya, take ba da kunya. Wazifar Tijjaniyya istigfari 30 ne, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12. Don haka aka raba carbin Tijjani mai ƙwaya 100 da alamomi, 12, 18, 20, 20, 18, 12: yatsa na taɓa alama ya san an kai, ko ido na rufe. Kaunta kuwa sai an leƙa allo, a kuma share bayan kowane sashe, ga shi wuri ya yi duhu bayan magariba, masu arahar kuma ba su da fitila. Kafin ka ga lambar, muƙaddami ya wuce da jama'a. Ko tasbihin bayan salla, 33 sau uku, gaɓoɓin yatsu sun fi ta sauri, wasu malamai ma su suka fi so.

Ruwan alwala ne ajalinta: yana bin gefen maɓalli ya shiga, batiri ya yi tsatsa, lambobi su guntule. A cire ta kafin alwala. Ƙurar hunturu na sa maɓallin ya riƙa tsallake ƙirga, ranar bazara kuma takan baƙanta allon idan an bar ta a gaban mota. A aljihu maɓallin sharewa kan danne kansa, lissafin yini ya koma sifiri.

Wajen saye, danna sau 20 da sauri ka ga ko 20 ta nuna, ka ja maɗaurin ka ga ba zai tsinke ba, sannan ka zaɓi wadda maɓallin sharewarta ya nutse ciki.