Farantin sola na Oxford PV: ƙarfi ya tabbata, saura ƙarko

A watan Satumba na 2024 ne kamfanin Oxford PV, wanda ya samo asali daga Jami'ar Oxford ta Ingila a 2010, ya tura wa wani abokin cinikinsa a Amurka kashin farko na farantan sola masu hawa biyu da ya ƙera a masana'antarsa ta Brandenburg da ke Jamus. Abin da ya raba su da waɗanda muka saba gani a kan rufin gidaje shi ne wani shafe na sinadarin ferofskayit da aka shimfiɗa bisa silikon, wanda kaurinsa bai kama ƙafar na silin gashi ba. Shafen na sama yana tsotse ɓangaren haske mai shuɗi, silikon ɗin da ke ƙasa kuma ya kama ja.

Ta fuskar ƙarfi, farantin ya cancanci yabo, domin yana mayar da kashi 24.5 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa zuwa lantarki, kamfanin kuma ya ce wutarsa kan ɗara ta farantin silikon na yau da kullum da abin da ya kai kashi 20 cikin ɗari. Idan aka tuna cewa ƙwayar ferofskayit ta farko (ƙwaya ita ce ɗan ƙaramin sashen da ake jerawa da yawa a haɗa faranti) da masanin kimiyya Tsutomu Miyasaka ya haɗa a Japan a 2009 kashi 3.8 kacal ta bayar, kuma silikon shi kaɗai ba zai wuce kimanin kashi 29 ba, za a ga an yi nisa ƙwarai.

Sai dai ɗakin gwaji daban, masana'anta daban. Kashi 34.6 da kamfanin LONGi na China ya samu a 2024 a kan ƙwaya ce mai hawa biyu mai faɗin farcen yatsa, alhali mai ƙera dubban farantai dole ya shafa sinadarin daidai wa daida a kan kowace ƙwaya, ba tare da ƙaramin rami ko wurin da ya fi kauri ba, kuma a nan ne ake asarar ƙarfi da kuɗi. Oxford PV ya yi ƙoƙari a wannan fage, tun da ya kai kashi 28.6 a kan ƙwaya mai girman ta kasuwa a 2023.

Babbar damuwata ita ce ƙarko. Danshi da zafi suna lalata ferofskayit, kuma duk da cewa akan gwada faranti na awa 1,000 a zafin digiri 85 cikin danshi mai yawa, wannan bai kai shaidar da silikon ya tara ba, wanda ake sayarwa da garantin shekara 25 bayan ya daɗe yana shan rana a fili. Wannan batu ya fi shafar ƙasashe masu zafi irin namu. Akwai kuma dalma a cikin sinadarin. Kaɗan ce, kuma a rufe take cikin gilashi, amma wanda ya tuna abin da gubarta ta yi wa yara a Zamfara a 2010 yana da haƙƙin tambayar inda fasasshen faranti zai ƙare.

A ganina, farantin ya dace da manyan tashoshin lantarki da fili ke yi wa tsada, masu injiniyoyin da za su riƙa auna raguwar ƙarfinsa kowace shekara. Mai gida ko mai shago ya riƙe silikon tukuna, har sai waɗannan tashoshi sun fitar da sakamakon shekarun da farantan suka yi a rana.